Ƙirga da awo: inda yiwuwa ke zama a kan lambobi

A farkon darasin ƙididdiga akan gabatar wa ɗalibi da adadin bazata, wato lambar da ba a saninta sai abin ya faru an gani. Ƙwan lantarki nawa ne ya lalace a kwali, kira nawa zai shigo cibiyar waya a minti ɗaya, milimita nawa ne tsawon ƙusar da inji zai yanko, minti nawa fasinja zai tsaya kafin jirgi ya iso. Kafin a buɗe kwalin babu mai iya faɗin lambar, amma ana iya faɗin lambobin da za su iya fitowa da nauyin kowacce. Wannan bayani shi ne rabon yiwuwa. A rubuce, adadin kansa yakan ɗauki babban harafi X.

Littattafai sukan raba adadin gida biyu: wanda ake ƙirgawa da wanda ake aunawa. Wannan kasafin daidai ne, sai dai ɗalibai da yawa suna haddace shi ba tare da sanin abin da yake canzawa a lissafi ba. Tambaya ɗaya ce ke fito da bambancin: mece ce yiwuwar X ya faɗa daidai kan lamba kaza? A adadin ƙirga amsar lamba ce da za a iya rubutawa, kamar 0.19. A adadin awo kuwa amsar sifili ce kullum, ko wace lamba aka zaɓa. A ɗauki jimillar yiwuwa, wadda ba ta wuce 1, kamar buhun yashi guda. A ɓangaren ƙirga an zuba yashin tsibi-tsibi a kan wasu lambobi, tsakaninsu wayam. A ɓangaren awo an baje shi a kan layi, wani wuri da kauri, wani wuri shara-shara, kuma sai an shata wani tsayi na layin kafin a sami abin kwasa. Yawancin kurakuran wannan babi daga cakuɗa waɗannan biyun suke tasowa.

Ɓangaren ƙirga

Ƙwayar ludo mai fuska shida ita ce misali mafi sauƙi: kowace fuska tana da 1 cikin 6. Idan aka jefa biyu aka haɗa, hanyoyin faɗuwa 36 ne. Jimillar 7 tana fitowa ta hanya 6, jimillar 2 da ta 12 kuwa ta hanya ɗai-ɗai. Ƙa'ida biyu ce ke tsare kowane jadawali irin wannan: babu yiwuwar da za ta gaza sifili, kuma idan aka tara su duka sai sun ba da 1 cif. Wanda ya tara ya sami 0.94 ya manta wata lamba, wanda ya sami 1.08 ya ƙirga wata sau biyu.

Matsakaicin da ake sa rai kuwa, ninka kowace lamba ake yi da yiwuwarta a tara. Na ƙwaya ɗaya 3.5 ne, alhali babu fuskar da ke ɗauke da 3.5. Abin nufi shi ne idan aka yi ta jifa, matsakaicin abin da ya fito zai riƙa matsowa nan. Jacob Bernoulli na birnin Basel shi ya fara kafa hujjar lissafi kan irin wannan matsowa, a littafinsa da aka buga a 1713, shekara takwas bayan rasuwarsa. Don sanin yadda lambobin suka warwatsu, a cire matsakaicin daga kowace lamba, a ninka abin da ya saura da kansa, a ninka da yiwuwarsa, a tara. A ƙwayar ludo tazarar ita ce 2.5, 1.5 da 0.5 ta kowane gefe, murabba'insu 6.25, 2.25 da 0.25, jimilla 17.5, a raba shida a sami 2.92. Wannan ita ce warwatsuwa. Tushen murabba'inta, 1.71, shi ne ma'aunin kaucewa. Dalilin ninkawa da kai shi ne in ba haka ba na sama da na ƙasa za su cinye juna a tashi da sifili. Dalilin ɗaukar tushe kuma shi ne a koma kan ma'aunin asali.

Rabon bainomiyal, wato rabon sau nawa abu zai faru a cikin ƙayyadadden yawan gwaji, yana cikin waɗanda aka fi aiki da su, yana kuma cikin waɗanda aka fi zalunta. A ce wata masana'anta tana fitar da ƙwan lantarki, kashi 5 cikin 100 na abin da take yi lalatacce ne, sai mai duba inganci ya ɗebi 20. Yiwuwar ya sami lalatattu biyu daidai tana da sassa uku. Na farko, hanya nawa biyun za su iya zama cikin ashirin: 20 sau 19 a raba 2, wato 190. Na biyu, 0.05 sau 0.05, wato 0.0025. Na uku, sauran 18 ɗin su fito lafiya: a jera 0.95 guda 18 a ninka su, a sami 0.3972. Idan aka ninka ukun, amsa 0.1887. Sashen farko shi ɗalibai suka fi mantawa, sai amsarsu ta ragu ninki 190. Da wannan hanya, yiwuwar kada a sami lalatacce ko ɗaya 0.3585 ce, ta samun ɗaya 0.3774, ta samun uku ko fiye 0.0755. Matsakaici shi ne 20 sau 0.05, wato 1. Wanda ya jera lambobi daga 0 zuwa 20 ya ɗauki na tsakiya zai ce 10, domin ya ba kowace lamba nauyi ɗaya, kuma a misalin ludo wannan kuskure ba ya tona kansa saboda rabon can daidai yake ta gefe biyu.

Lambar 0.3585 ta cancanci a tsaya a kanta. Ko da kashi 5 na kayan lalatattu ne, fiye da sau ɗaya cikin uku mai duba 20 zai tashi bai ga aibu ba. Samfurin da ya fito tas ba shaida ba ce cewa kayan tas suke.

Bainomiyal yana da sharuɗɗa huɗu: yawan gwajin a ƙayyade yake tun farko, kowane gwaji sakamako biyu gare shi, yiwuwar ba ta canzawa, kuma sakamakon wani ba ya shafar na wani. Na ukun da na huɗun ne ke karyewa a ɓoye. A ce ba daga dubban kayan masana'anta aka ɗeba ba, daga kwali ɗaya ne mai ƙwai 40 wanda 2 suka lalace. Har yanzu kashi 5 ne, amma duk ƙwan da aka cire yana sauya abin da ya rage. Yiwuwar a ɗebi 20 ba a gamu da lalatacce ba ita ce 20 cikin 40 sau 19 cikin 39, wato 0.2436, ba 0.3585 ba. Samun uku kuwa ba zai taɓa yiwuwa ba, tunda biyu ne kacal a kwalin, amma bainomiyal zai ba shi kusan kashi 8. Shi ya sa aka saba cewa kada samfurin ya wuce kashi 10 na tarin da aka ɗebo shi in ana son bainomiyal ya yi aiki.

Wani lokaci ba a san yawan gwajin ba, matsakaicin faruwar abin kawai aka sani a cikin wani lokaci ko wani fili. Nan rabon Poisson ke shiga, mai sunan Bafaranshen da ya wallafa shi a 1837. A ce cibiyar waya tana samun kira 3 a minti bisa matsakaici. Yiwuwar minti ya wuce babu kira 0.0498 ce, wato 1 a raba da 2.718 (tsayayyiyar lambar lissafi da ake kira e) da aka jera sau uku aka ninka. Daga nan ba sai an koma wa doguwar ƙa'ida ba: a ninka ta baya da 3 a raba da sabuwar lambar. Kira ɗaya 0.1494, biyu 0.2240, uku 0.2240, huɗu 0.1680, biyar 0.1008. Jimillar daga sifili zuwa biyar 0.916 ce. Idan ma'aikatan cibiyar ba sa iya ɗaukar fiye da kira biyar a minti, to a kusan minti 8 cikin kowane 100 layi zai cushe, duk da cewa matsakaicin bai wuce 3 ba. Wanda ya tsara ma'aikata bisa matsakaici kaɗai bai ga wannan ba.

Sanannen gwajin wannan rabo shi ne na Ladislaus Bortkiewicz a 1898, kan sojojin masarautar Prussia da harbin doki ya kashe tsakanin 1875 da 1894. A runduna 10 cikin shekara 20 an sami ƙirge 200, kowanne na runduna ɗaya a shekara ɗaya, da mutuwa 122, matsakaici 0.61. Sau 109 babu wanda ya mutu, sau 65 mutum ɗaya, sau 22 biyu, sau 3 uku, sau 1 huɗu. Lissafin Poisson ya ba da 108.7, 66.3, 20.2, 4.1 da 0.6. Abin da ya sa suka dace haka shi ne dokin da ya harbi wani ba ya sa na wata runduna ya yi harbi. Alamar da ake dubawa tana da sauƙi: a Poisson matsakaici da warwatsuwa ɗaya suke, kuma a waɗannan alƙaluma dukansu sun tsaya kusan 0.61. Inda abubuwa ke zuwa a dunƙule, kamar masu kamuwa da cuta mai yaɗuwa ko waɗanda suka jikkata a haɗarin mota ɗaya, warwatsuwa takan zarce matsakaici nesa, sai Poisson ya raina yiwuwar munanan ranaku.

Ɓangaren awo

A ce jirgin ƙasa yana zuwa duk bayan minti 10 ba fashi, fasinja kuma ya iso tasha bai duba agogo ba. Jiransa zai iya zama ko nawa tsakanin 0 da 10, babu sashen da ya fi wani. Yiwuwar ya jira tsakanin minti 3 da 5 ita ce 2 cikin 10. Yiwuwar ya jira minti 4 daidai fa? Idan agogon mintoci kawai yake nunawa, "4" na nufin daga 3.5 zuwa 4.5, amsa 0.1. Idan yana nuna daƙiƙa, tazarar ta koma daƙiƙa ɗaya cikin 600. Duk ƙara kaifin agogo, ƙara matsewar tazara, har ta nufi sifili. Wannan sifili ba ya nufin abin ba zai faru ba, domin fasinjan dole ya jira wani takamaiman lokaci. Yana nufin ɗigo ɗaya ba shi da faɗin da zai ɗauki rabo.

Saboda haka ba a yi wa adadin awo jadawali, zanen cunkoso ake yi masa, yiwuwa kuma ita ce filin da ke ƙarƙashin layin zanen tsakanin lambobi biyu. A misalin jirgi zanen miƙaƙƙen layi ne mai tsayi 0.1 daga 0 zuwa 10, fili duka 10 sau 0.1, wato 1. Nan ne gizo ke saƙar: ɗalibi yakan karanta tsayin 0.1 ya ce ita ce yiwuwar. A sauya ma'auni daga minti zuwa awa a ga abin da zai faru. Faɗin ya koma 1 cikin 6 na awa, don haka tsayin dole ya zama 6 kafin fili ya cika 1. Jirgin bai canza ba, fasinjan bai canza ba, amma tsayin ya tashi daga 0.1 zuwa 6, kuma babu yiwuwar da ke wuce 1. Tsayin yana faɗin yiwuwa nawa ce ke cikin kowane minti ko kowace awa, sai an ninka shi da faɗi yake zama yiwuwa.

Wannan kuskuren yana bin mutane har kan kwamfuta. A Excel, umarnin BINOM.DIST da na NORM.DIST kowanne yana da gurbin ƙarshe da ake cike wa da TRUE ko FALSE. A na farko, FALSE yana ba da yiwuwar lamba ɗaya daidai. A na biyu, FALSE tsayin zane yake bayarwa, kuma zai iya fitowa 1.99 mutum ya rasa gane kansa. Haka ma zanen ginshiƙai da aka yi wa gidaje masu faɗi daban-daban: idan gida ɗaya ya ɗauki shekara 5 wani ya ɗauki 20, dole a raba yawan mutane da faɗin gidan kafin a zana tsayi, in ba haka ba faffaɗan gidan zai kumbura ya yaudari ido.

Abin da ya haɗa ɓangarorin biyu shi ne tarin yiwuwa, wato yiwuwar X bai wuce wata lamba ba. Shi ne yawancin jadawalan bayan littafi ke ɗauke da shi. A awo, "ƙasa da 5" da "bai wuce 5 ba" abu ɗaya ne, tunda 5 ɗin kanta ba ta da nauyi. A ƙirga ba haka ba ne. A misalin ƙwan lantarki "bai wuce 2 ba" 0.9245 ne, "ƙasa da 2" kuwa 0.7358. A misalin waya, mai neman yiwuwar kira 3 zuwa 5 zai cire tarin 2 ne daga tarin 5, wato 0.916 ban da 0.423, ya sami 0.493. Idan ya cire tarin 3 ya zubar da tsibin 3 ɗin gaba ɗaya, amsa ta faɗo 0.269.

Abu ɗaya ma yana iya ba da adadi iri biyu. A cibiyar wayar nan, yawan kira a minti ƙirga ne, amma tazarar da ke tsakanin kira da kira awo ne. Matsakaicinta daƙiƙa 20, zanenta kuma yana farawa da tsayi a sifili ya yi ta gangarowa da doguwar jela. Yiwuwar a yi fiye da daƙiƙa 30 shiru 0.223 ce. Rabin lokutan jiran ba sa kai daƙiƙa 14, 'yan dogayen ne ke jan matsakaicin zuwa 20. Kuma wannan rabo ba ya tuna baya: wanda ya riga ya jira daƙiƙa 40, abin da ke gabansa daidai yake da na wanda ya fara jira yanzu.

Sai rabo mai siffar ƙararrawa, wanda ake danganta wa Gauss saboda aikinsa na 1809 kan kurakuran auna taurari, ko da yake Abraham de Moivre ya riga shi gano siffar tun 1733. Lamba biyu ce ke ƙayyade shi: matsakaici da ma'aunin kaucewa. Kusan kashi 68 na fili yana cikin kaucewa ɗaya daga tsakiya, kusan 95 cikin biyu, 99.7 cikin uku. Aikinsa mataki uku ne: a cire matsakaici daga lambar, a raba da ma'aunin kaucewa a sami z, a duba jadawali. A ce inji yana yanka ƙusa mai matsakaicin tsawo milimita 50 da kaucewa 0.2, mai saye kuma yana karɓar daga 49.6 zuwa 50.4. Iyakokin sun faɗa kan z na 2 ta kowane gefe, abin da ke waje kashi 4.55, wato ƙusa 455 cikin 10,000. Idan saitin injin ya goce zuwa 50.1, iyakar sama ta matso zuwa z na 1.5, ta ƙasa ta ja zuwa 2.5. Na sama ya ba da 0.0668, na ƙasa 0.0062, jimilla 730 cikin 10,000. Gocewar kashi ɗaya cikin goma na milimita ta ƙara asara da fiye da rabi. Da a ce an bar tsakiya a 50 an rage kaucewa zuwa 0.1, abin zubarwa zai koma kusan 6 cikin 100,000. Kuskuren da ke yawan ɓata wannan lissafi shi ne raba wa da warwatsuwa, 0.04, a maimakon ma'aunin kaucewa, 0.2, domin wasu littattafai warwatsuwa suke rubutawa wajen bayyana rabon, manhajoji kuma galibi kaucewa suke nema.

Ƙararrawa tana dacewa ne inda ƙananan dalilai masu yawa, waɗanda ba ruwan wani da wani, suka taru suka haifar da adadin. Ba kowane awo ne haka ba, kuma saurin ɗora ta a kan komai mugun sabo ne. Jiran wayar nan matsakaicinsa 20, kaucewarsa ma 20. Wanda ya ɗora masa ƙararrawa zai sami kashi 16 na jira ƙasa da sifili, abin da babu shi.

Inda suke cuɗanya

Abin da de Moivre ya gano shi ne idan gwaji ya yi yawa, tsibin bainomiyal suna jeruwa su yi siffar ƙararrawa. A jefa sulalla sau 100: matsakaicin fitowar fuska 50 ne, kaucewa 5. Yiwuwar 50 daidai, bisa ainihin lissafi, 0.0796 ce. Ƙararrawa za ta ce sifili in aka tambaye ta kai tsaye, don haka sai a ba kowace lamba faɗi, rabi ta nan rabi ta can. Daga 49.5 zuwa 50.5 fili ya ba da 0.0797. Haka yiwuwar 60 ko fiye: ainihinta 0.0284, wanda ya fara awo daga 60 zai sami 0.0228, wanda ya fara daga 59.5 zai sami 0.0287. Rabin nan da ake rainawa shi ya raba amsa mai kyau da wadda ta gaza da kashi ɗaya cikin biyar. Sharaɗin aro shi ne yawan nasarar da ake sa rai da yawan rashinta kowanne ya kai aƙalla 5, wasu malaman ma 10 suke cewa. A misalin ƙwan lantarki abin sa rai 1 ne, don haka ƙararrawa ba ta da hurumi a can.

Daga nan za a ga cewa zaɓin ƙirga ko awo hukunci ne na mai nazari, ba tambari ne da ke manne a jikin alƙaluma ba. Kuɗi ƙirga ne, tunda akwai ƙaramin sulallan da ba ya rabuwa, amma matakan sun yi ƙanƙanta har ana lissafa shi a matsayin awo ba tare da asara ba. Shekarun mutum awo ne, amma da cikakkun lambobi ake faɗinsu, kuma ƙasa ake yankewa: mai shekara 20 da wata 11 zai ce 20. Matsakaicin shekarun da aka tattara ta tambaya yakan gaza na gaskiya da kusan rabin shekara. Lambobin da aka laƙaba wa rukuni kuwa, kamar 1 ga mai aure, 2 ga marar aure, 3 ga wanda aurensa ya mutu, suna ne kawai, kwamfuta za ta fitar musu da matsakaici 1.7 ba musu amma ba ya nufin komai.

Akwai kuma adadin da ya haɗa biyun a jiki ɗaya. Ruwan saman da aka auna a rana misali ne: ranaku da yawa sifili ne cif, wanda tsibi ne mai nauyinsa, ranakun da aka yi ruwa kuma milimitocin a baje suke da jela ta dama. Kuɗin da kamfanin inshora ke biya kan kowace yarjejeniya a shekara ma haka yake, yawanci babu, kaɗan kuma masu yawa. Zane ɗaya ba ya ɗaukar irin wannan. Kashi biyu ake yi masa: a fara lissafa yiwuwar abin ya faru ko kada ya faru, wanda aikin ƙirga ne, sannan a ɗauki ranakun da ya faru kaɗai a nema musu zanen cunkoson da ya dace. Idan yiwuwar ruwa a rana 0.3 ce, kuma a ranakun ruwa kashi 10 ne ke wuce milimita 25, to yiwuwar wata rana ta wuce milimita 25 ita ce 0.3 sau 0.1, wato 0.03.